Hannu Uku a Ƙarƙashin Fiffike

Usta Shahata bai taɓa tashi a jirgin sama ba. Ya wanke su, ya shafe su, ya sha kwana a ƙarƙashinsu lokacin yaƙin Oktoba na 1973, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Da tsufansa na san shi, a rumfar da muke gyara wa gidan tarihi tsofaffin jiragen yaƙi, can bayan garin Hilwan. Ni ƙarfe nake bugawa, shi kuma fenti. "Usta" a nan laƙabi ne na wanda ya ƙware a sana'arsa.

Mutum ne mai wuyar sha'ani. Ina da jikoki, amma har gobe "yaro" yake ce mini. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana Kuwait, sai waya ranar salla. Kullum shi ke riga kowa zuwa, da ƙunshin gurasa da wakensa, ya zauna shi kaɗai a inuwar fiffike ya ci. In ka ce ya zo a ci tare, sai ya ce ai yana da baƙi. Jiragen yake nufi.

Aikinsa na haƙuri ne da ni ba zan iya ba. Jirgi yakan zo da fenti kan fenti, shi kuma ya jiƙa sanfefa yana gogewa sannu a hankali, har ya iso ainihin kalar da jirgin ya shiga yaƙi da ita, ruwan ƙasa da kore. Ita za a mayar, ba ƙari ba ragi.

Wata safiya na ji gugar ta tsaya. Na leƙa na tarar da shi durƙushe ƙarƙashin fiffiken wani tsohon jirgin Rasha da aka kawo mana, ya kafe ido. Sawun hannu ne guda uku, jajaye, a jere.

"Usta, lafiya? Aljani ka gani?"

"Rufe mini baki, yaro. Zo ka gaida manyanka."

Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Na Mitwalli, na Girgis, da nasa, makanikai uku masu kula da jirgin. Ko mota mutum ya saya a nan, sai ya yanka rago ya tsoma hannu a jini ya manna mata saboda baki. Su kuwa ina suka ga rago a sansani? Sai suka tsoma a jan fenti.

"Girgis ya ce shi Kirista ne, ba ruwansa. Mitwalli ya ce, 'To harsashin tambayar addininka zai yi? Kawo hannun nan, matsoraci!'"

Ya yi dariya har da tari. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Mitwalli a yaƙin ya tafi, Girgis kuma ciwon suga ya ɗauke shi da daɗewa. Ko hotonsu ba shi da shi.

Ni ne na ɓata masa rai, kuma har yau abin yana cina. Na ƙwanƙwasa wurin na ji ƙarfen ya yi taushi. Farar tsatsa ta ci shi ta ciki, daidai ƙarƙashin hannuwan. In ba a kankare an faci ba, fiffiken zai zube.

"Ka bar min wannan tafin, ka yi aikinka a gefe."

"Wallahi Usta, da zai yiwu da na bari."

Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. A nan ƙarƙashin yake cin wakensa, yana magana ƙasa-ƙasa. Daga baya ya ce ba wanda zai taɓa su sai shi. Ya kankare na Mitwalli, ya kankare na Girgis, nasa a ƙarshe. Na fita waje don ba zan iya kallo ba.

Da aka gama faci da fenti, shugabar gidan tarihin ta ce tunda da hannuwan jirgin ya yi yaƙi, a mayar da su. Usta Shahata ya haɗa jan fentin da kansa. Na ce ga hannuna, ga na direbanmu, mu cike gurbin biyun.

"Naka? Wannan faranti? Hannun Girgis siriri ne kamar na amarya. A bar wurinsu haka."

Ya tsoma nasa, ya ɗaga zai manna. Yatsun suka ƙi miƙewa. Sanyin ƙashi ya riga ya lanƙwashe su, shekara da shekaru suna riƙe da buroshi. Ya sa ɗaya hannun ya danna, ya cije leɓe. Da ya cire, abin da ya fito ya fi kama da sawun kaza.

Ya daɗe yana kallonsa, fenti na ɗiga a takalminsa. Tausayinsa ya kama ni.

"Ka gani ko, yaro?" in ji shi. "Ko nawan ma bai dawo ba."