Yaya, Kin Tafi Ba Ki Nuna Mini Muguwar Ba

Daga Allah muka zo, kuma can muka nufa. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, bayan jinyar kwana biyu kacal. Shekara talatin tana aikin jinya a asibiti, amma da nata ciwon ya zo, bai ba kowa damar yi mata komai ba.

Yaya, kwana goma ke nan ina son in rubuta miki kalamai masu taushi, haushi yana hana ni. Haushin kaina nake ji, kuma ke ma, ki yafe mini, ina jin naki kaɗan.

Mutane sun san ki da allura da bandeji. Mu 'yan gida mun san ki da kujerar nan mai karyayyen hannu da ke bayan ɗakin girki, gaban akurki. Duk wanda ya sayo sababbin kaji a layinmu, tsofaffin suka hana su sakat, wurinki yake zuwa. Ki sa ya raba su da ragar waya mako guda, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Ki sa ya ajiye kaskon ruwa biyu nesa da juna. Wadda aka sara har jini ya fito, ki shafa mata shuɗin maganin miki, don kin ce kaza in ta ga ja ba ta da imani. Ban taɓa ganin kin kulle wadda ake zalunta ba. Mai zaluncin kike ɗaukewa, ki tsare ta kwana biyar, ta dawo ta tarar an manta da sarautarta.

Ni kuwa dariya nake miki. Na ce kin bar asibitin mutane kin buɗe kotun kaji.

Mako guda kafin rasuwarki kika sayo 'yan fararen kaji uku, kika kira ni a waya.

"Auta, ka zo ranar Asabar in nuna maka muguwar. Ba wadda kake zato ba ce."

"Yaya, ina da takardun ɗalibai da zan duba. Kaji ba za su gudu ba."

Ban zo ba. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Da gida ya cika da masu gaisuwa, wani mai neman lada ya ga fararen nan a bayan raga, tausayi ya kama shi, ya buɗe musu. Har yau babu wanda ya amsa cewa shi ne. Kafin mu ankara an fige wa ɗaya ƙeya, washegari muka tsince ta a sandare. 'Yarki ta fari ta riƙe hannuna tana kuka.

"Kawu, su ne abu na ƙarshe da ta saya da hannunta. Don Allah kar su ƙare."

Na ɗauki abin da zafi. Na damƙe jar kazar nan mai hayaniya, wadda kowa ya ga tana kai sara, na kulle ta, ina jin kaina gwani. Bayan kwana uku ta biyu ta mutu, babu miki ko ɗaya a jikinta. Raina ya ɓaci har na yi wa mijinki tsawa, bawan Allah da ko barci bai samu ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ita dai zama take yi."

Jiya na zauna a kujerarki tun safe. Rana ta dake ni, ƙudaje suka dame ni, sau biyu ina miƙewa ina komawa. Wajen azahar na gani. Ƙatuwar kazar nan wake-wake da kike kira Shiru-shiru, wadda ba a taɓa jin muryarta ba, ita ce. Ba ta saran kowa. Tsayawa take a bakin kaskon ruwa, ɗaya tilo da ya rage tunda masu shara suka ɗauke ɗayan, in farar ta matso sai ta ɗaga wuya kawai, ita kuma ta ja da baya. Ƙishirwa ce ta kashe ta biyun, a gaban idona, ina can ina tsaron marar laifi.

Na ɗauke Shiru-shiru na kulle. 'Yar farar da ta rage ta daɗe tana waige-waige, sannan ta sa baki a ruwa. Ta sha, ta sha, kamar ba za ta daina ba. Na zaro waya daga aljihu don in gaya miki na gano ta, har na danna lambarki.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya gafarta miki, Ya shayar da ke kamar yadda kika tsaya wa marasa ƙarfi suka sha. Ga mijinki, da 'ya'yanki huɗu, da mu ƙannenki da kika yi rainonmu, Allah Ya ba mu haƙurin da ni dai har yanzu ban samu ba. Amin.