Agogon Ƙanina da Man Tarakta

Assalamu alaikum, Edita. A shekarun da zan ba da labarinsu ni ne wakilin wata babbar gonar dawa da riɗi a gefen Doka, kudu da Gadarif. Karatuna bai yi nisa ba, amma tsari na iya. Ba a tayar da tarakta a gabana sai an duba mai, an duba ruwa, sannan taya. Direbobi suna tsorona, ni kuma ina jin daɗin hakan. Na yarda cewa duk wani ƙarfe da ke motsi a duniya hanyar kula da shi ɗaya ce, kuma ni na san ta.

Ƙanina, Allah ya jiƙansa, mai nutso ne a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, yana gyaran ƙasan jirage a cikin teku. Abu mafi daraja da ya mallaka shi ne agogonsa na nutso, mai nauyi, da zobe mai juyawa a kewayen gilashin. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ciro shi ya ɗaura mini, ya ce amanar ɗansa ce, in miƙa masa ranar aurensa. Ya ce in riƙa sawa, domin motsin hannu ne ke tafiyar da shi. Ya ce kada in wanke shi da komai sai ruwa mai daɗi. Sannan ya ce lokaci-lokaci a aika wa masu aikin irin wannan agogo su canza robar da ke hana ruwa shiga. Na riƙe ta farko. Ta biyu na ga kamar shagwaɓar mutanen teku ce, ta uku kuwa na ɗauke ta ɓata lokaci.

Wanda ya san ƙasar Gadarif da damina ya san baƙar lakarta, wadda ke cire wa mutum takalmi. Ita ce ta riƙa shiga ƙarƙashin zoben agogon har ya daina juyawa. A wurinmu in laka ta kama ƙarfe, jaz ake sa masa, wato man tarakta. Sai na mayar da shi ƙa'ida: duk Juma'a kafin wanka, in tsoma buroshi a jaz in goge agogon, in ɗauraye, in shanya. Yana ƙyalli kuwa. Maiɗakina ta sha faɗa mini cewa warin gareji yake yi, kuma ba haka mai shi ya ce ba. Na ce mata ta kula da tukwanenta.

Wata damina ruwa ya tare mu a hanyar gona, motarmu ta kafe a rafi, na shiga turi ruwa har ƙirji. Ban damu da agogon ba, tunda na san ya sha zuwa ƙasan teku. Washegari na ga gumi a cikin gilashin. Maimakon in nemi masani, na binne shi a buhun dawa, daga baya na ɗora shi a kan tarakta ya sha rana. Gumin ya tafi, na ce na yi maganinsa. Ana fara yankan riɗi agogon ya tsaya cak, daidai lokacin da aka sa ranar auren yaron.

Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwar Gadarif. Bai ma buɗe ba, ya shinshina, ya tambaye ni ko agogon ne ke jan garma a gonarmu. Ya ce jaz ya cinye robar, ruwa ya samu hanya, zafin rana kuma ya taimaki tsatsa. Buɗewa zai iya, in ji shi, amma ba shi da robar da ta dace, ba shi da na'urar da ake gwada matsin ruwa, don haka ba zai taɓa amanar maraya ba. Har zuciya ta raya mini in sa ya goge shi kawai, in miƙa wa yaron in ce tsufa ne. Maiɗakina ta ce in na yi haka ita ce za ta fara tona ni.

Na tafi wurin matar marigayin da ɗanta, na zayyana musu komai bi da bi, ban rage ba. Da ta gama ji, sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, Bahar Maliya ba ta iya da shi ba, sai kai da rafin Doka." Ita ce ta tuna da wani abokin aikin mijinta a Bur Sudan. Shi ya karɓa, ya ba wani mai tafiya Umra ya kai wa masu aikin agogon a Jidda. An ɗaura aure hannun ango babu agogo, kuma duk wanda ya tambaye ni na ba shi amsa da bakina. Wannan ya fi mini komai ciwo.

Masu gyaran sun wanke injin, sun canza roba, sun gwada shi a na'ura. Sai suka aiko tambaya ko a canza fuskar agogon, domin tsatsa ta bar tabo a gefenta. Na ce a canza. Yaron ya ce, "Baffa, a bar shi. Ƙarzunan jikinsa na Baba ne, tabon nan kuma naka ne. Duka biyun nake so." Yau agogon yana hannunsa yana tafiya daidai, kuma in ya zo gaishe ni yakan miƙo mini hannu ya ce in shinshina, ko na ji jaz.

Na yi ritaya, hankalina kwance, alhamdulillahi. Abin da na koya shi ne ƙa'idar tarakta ta tarakta ce. Ina jan kunnen duk mai irin wannan agogo: kada mai ko turare ya taɓa shi, ya tabbata kan da ake saita lokaci a murɗe yake kafin ya shiga ruwa, in ya ga gumi a gilashi ya nemi masu aikinsa a ranar. Wanda kuma aka ba amana da sharaɗi uku, kada ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Mai ba da ita ya san dalilin kowanne, kuma ba zai dawo ya maimaita ba.