Yadda Firmin Ya Rataya Ƙararrawar Saniya

Ranar da Firmin Grosgurin ya sha kunyar da bai taɓa sha ba, sanye yake da sabuwar kwat, har da ɗaure wuya. Mutum arba'in ne a zauren taron, wasu kuma suna leƙowa ta allon bango daga Italiya da Sin da Burazil. An jera kwalabe da cuku a tebur, ana jiran murna. Firmin ya ɗaga wata ambulan sama don kowa ya shaida ba a taɓa ta ba, ya yage bakinta, ya gyara tabarau. Da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, sai ya shiga karantawa da ƙarfi, tun kafin idonsa ya gaya wa bakinsa ya yi shiru.

"Farfesa, tunda ƙararrawar shanuna tana hana ka tunani, tako da ƙafarka ka karɓa. Huguette."

Wani ɗan neman magana ya fassara wa waɗanda ba sa jin Faransanci. Dariyar 'yan Burazil ta makara a hanya, sai da kowa ya gama tasa sannan ta iso, aka sake sabon lale.

Firmin ba farfesa ba ne, Huguette ce ta naɗa shi. Ɗan mai gyaran agogo ne daga bayan dutsen nan, ya sauko ƙauyenmu yana saurayi da keke ɗaya da akwatin littattafai. Yau shekara talatin da shida keken bai canja ba, mai keken ne ya yi tumbi. Kullum da safe zai wuce zuwa wajen masu binciken da suka haƙa rami zagayayye kamar awarwaro a ƙarƙashin gonakinmu, inda suke gwara ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani don su ga abin da zai fito.

Abin da Firmin yake kiwo a ciki, ɗaya daga ƙwayoyin nan, sunansa D, daga dangin da suke kira Cam. Wai ana haihuwarsa yake tarwatsewa, ƙiftawar ido ma a wurinsa shekara dubu ce. Yana da ɗan tagwai da ya saɓa masa a komai, kuma aikin Firmin na shekara tara shi ne ya ƙirga ko su biyun iri ɗaya suke tarwatsewa, ko ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Ya ce idan aka ga bambanci, zai taimaka a gane dalilin da ya sa duniya take nan. Mu dai mun tarar da ita tana nan, ba wanda ya jira lissafinsa.

Mutanen nan suna da wata al'ada. Sun ce zuciya maƙaryaciya ce, idan mutum yana ganin amsa tun yana tsakiyar aiki, hannunsa zai riƙa lanƙwasa lissafi zuwa inda ransa yake so. Saboda haka sai su sa kwamfuta ta ɓoye amsar, a kulle da wata kalmar sirri, ba a buɗewa sai an gama duba komai. Kowa abokin aikinsa yake ba ajiyar kalmar. Firmin bai yarda da abokin aiki ba, bai yarda da kansa ba, bai ma yarda da matarsa Marinette ba, don ya san da kallo ɗaya zai karanta a fuskarta. Sai ya ɗauki kwamfutarsa ya tsallaka shinge wurin maƙwabciyarsa Madam Huguette, mai shanu talatin da baki na mutum talatin. Ya juya baya, ta buga kalmar da yatsa ɗaya, ta rubuta a takarda, ta liƙe a ambulan ta ajiye. A lokacin suna ɗasawa.

Shekara uku da suka wuce ne ya kai ƙara ofishin magajin gari, wai ƙararrawar shanunta tana tsinka masa tunani ranar Lahadi da rana. Tun daga ranar ko gaisuwa babu. Da lokacin buɗewa ya yi, girman kai ya hana shi zuwa, ya tura Marinette. Huguette ta karɓe ta da fara'a, ta ba ta kofi, ta miƙa mata ambulan. Sauran kun ji.

Da zauren ya watse, shugabar tawagarsu, wata 'yar Italiya mai suna Ornella, ta ja shi gefe tana share hawayen dariya.

"Firmin, idan babu kalmar nan, sai mun sake aikin daga tushe. Wata takwas ke nan."

"Ƙarshen watan nan zan yi ritaya, Ornella."

"Shi ya sa nake gaya maka. Ko ka kawo ta kafin Juma'a ta sama, ko wani ya buɗe bayan ka tafi. Zan aiko maka da hoto."

Ya kwana biyu yana zagaya shingen kamar wanda ya yar da mabuɗi. Marinette ta gaji ta ce, "Kai, mutumin nan, ciyawar wurin ta mutu. Ko ka shiga, ko ka dawo ka fere mini dankali."

Ya shiga. Ya tarar da Huguette a ɗakin cuku tana juya ƙatuwar tukunyar madara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Madam Huguette, barka da aiki."

"A'a, Farfesa ne da kansa? Yi a hankali, kada ƙarar ludayina ta tsinka maka tunani."

"Na zo ne kan ajiyata."

"Wace ajiya? Ni jahila ce, shanu kawai na sani."

"Shekara tara, maƙwabciya. Idan ban buɗe da hannuna ba, ban san me na yi da gashin kaina da ya zube ba."

Nan ta ɗago ta dube shi, don ba ta taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Amma tausayin Huguette ba ya wuce tafasa ɗaya.

"To, ji nan. Ka janye ƙararka, wannan ɗaya. Ranar Asabar shanu za su sauko daga dutse, kai za ka shige gaba, da babbar ƙararrawa a wuyanka, tun daga gada har dandalin coci. Kalma kuwa ba zan ba ka ba. Ni na kulle, ni zan je in buɗe."

"Haba, Madam! Ba a shiga wurin nan haka kawai."

"A ƙarƙashin gonata yake, ko ba haka ba?"

Ranar saukowar shanu ba wanda yake zama a gida. An yi wa shanun ado da furanni a ƙaho, makiyaya sun sa rigunansu masu aiki a kafaɗa, ana ta soye-soye a bakin hanya. Sai ga Firmin a gaba, da ƙararrawar da ta kai tukunyar miya girma, ɗaure da fata mai faɗin tafin hannu. Duk takun da ya yi sai ta amsa. Ya so ya yi sanɗa don ta yi shiru, sai uwar garken, wadda aka ƙwace wa ƙararrawar aka ba shi, ta sa hanci ta ingiza shi daga baya. Mai gidan burodi ya ɗaga murya, "Huguette, wannan sabon bijimin lita nawa yake bayarwa?" Rabin abokan aikinsa sun zo, Ornella tana gaba da waya a hannu. Firmin bai dubi kowa ba. Ya miƙe wuya, ya kai ta har ƙofar coci, ya sauke, ya tambayi mai ita nauyinta don ya sani. Kilo tara da ɗoriya.

Ranar Alhamis Huguette ta shiga zauren da takalman robarta na turke da katin baƙi a ƙirji, warin shanu yana gaishe da mutane kafin ita. Ta sa kowa ya juya baya, har 'yan allon bango, sannan ta buga kalmar da yatsan nan nata ɗaya. Har yau ba wanda ya san ko mene ne.

Firmin ne ya danna maɓalli na ƙarshe. Lamba ta fito. Babu bambanci tsakanin D da ɗan tagwansa, aƙalla a irin tarwatsewar da ya ƙirga, sai dai ba wanda ya taɓa auna ta da kyau kamar haka. Aka ɗau tafi, aka fasa kwalabe, Ornella ta rungume shi. Shi kuwa ya zauna yana kallon lambar kamar an nuna masa jika.

Huguette ta duba allo, ta duba masu tafi, ta kama ƙugu.

"Tsaya, Farfesa. Me aka samu?"

"Sifiri, Madam. Da ɗan ƙaramin kokwanto a gefensa, ga shi nan an rubuta."

"Sifiri! Shekara tara, da rami, da ƙararrawa a wuya, ashe ba ka san komai ba har yanzu? A shekara tara saniyata ɗaya ta ba ni maruƙa takwas!"

Firmin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ta sama da ƙasa.

"Madam Huguette, ni yanzu na san girman abin da ban sani ba, na auna shi har lamba huɗu bayan ɗigo. Naki kuwa, idan za a auna, sai an haƙa sabon rami, wannan ya yi kaɗan."