Kaka Iliya Mai Yatsu Bakwai

Jama'a, tunda kun ce ni Saratu zan yi magana a kan Kaka Iliya, to ku gyara zama, don ni ce amaryarsa ta ƙarshe. Ku daina dariya! Jikanya ai mata ce, kuma duk cikin jikokinsa ba wadda ta sha faɗansa kamar ni.

Duk wanda ya san shi ya san abin da yake yi ran Asabar da la'asar. Zai saɓa galmarsa, ya bi ta bayan kasuwar shanu har rugar amininsa Malam Buba, ya miƙa masa ita hannu bibbiyu kamar mai ba da riƙon ɗiya.

"Buba, ɓoye ta. Gobe ranar Ubangiji ce. Ko kuka na yi kar ka ba ni."

Washegari kuwa ana tashi daga majami'a, ko gida ba ya leƙawa, sai ga shi a ruga yana sosa ƙeya.

"Buba, ba noma zan yi ba. Ganin ta kawai zan yi."

"Iliya, tahi gida."

"To lafiya ta kwana dai?"

Wata Lahadi Malam Buba ya gaji, ya ce, "Wai ni Musulmi ɗan Musulmi, ni aka ɗora wa gadin addininka?"

Kaka ya ce, "To mi ne amfanin maƙwabci?"

Ku yara da ba ku tarar da shi da ƙarfinsa ba, bari in gaya muku. An haife shi tun ƙasa na hannun Sarkin Musulmi shi kaɗai, Bature bai iso ba. Da ƙafarsa ya kora jakan gishiri zuwa Sakkwato tun ana ciniki da wuri. Da girmansa kuturta ta kama shi, waɗanda suke cin tuwo kwano ɗaya da shi suka janye tabarmarsu. Ya tafi asibitin mishan, ya yi shekara shida, ya dawo Illela da lafiyarsa, da bangaskiya ga Yesu Almasihu, da yatsu bakwai. Kuma kar ka kuskura ka ce masa sannu.

"Sannun mi? Ubangiji ya dubi aikin garin nan kaf, ya ga bakwai sun isa. Ku masu goma, mi kunka yi da su?"

Gonarsa ta gado kuwa kun san inda take. Da Turawa suka raba ƙasa, ba su ga wurin dasa dutsen iyaka ba sai tsakiyarta: rabin geronsa a nan, rabi a hayin Ƙonni. Shi Kaka kyauta ya ɗauki dutsen nan, don a kansa yake wasa galma.

Wata damina aka kawo sabon jandarma, yaro mai sheƙin takalmi. Ya hango tsoho ya ja kunya tun daga wannan ƙasa har cikin waccan, ya taho a fusace.

"Tsoho, ina takardarka? Ka shigo wata ƙasa!"

Kaka ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗana, ban shigo ta ba. Ita ta shigo min gona. Na riga ta zuwa."

Jandarma ya rantse sai ya kai shi Ƙonni an kulle, geron hayinsu kuma gwamnati ta kwashe. Wannan fa ba wasa ba ne, abincin gidanmu ne na shekara. Kaka ya ci gaba da sara. Yaron ya ƙara harzuƙa, ya ce, "Wai kai ba ka da kunya ne?"

"Kunya? Ga su nan arba'in da biyu, ni na tada su tun asuba. Ta arba'in da uku ce ka rushe da takalminka. Ungo, gyara ta, sannan mu tahi."

Lokacin ina budurwa, ni ke kai masa fura. Wallahi da rana na iso, na tarar da jandarma ya tuɓe takalmi, ya rataye hula a jikin ƙaya, gumi ya jiƙa kakin sharkaf, yana kan kunya ta biyar. Kaka na biye da shi, har da kiransa yallaɓai da Faransanci, yana cewa, "Sunkuya da kyau, Mushe! Ƙasarku ce fa kake gyarawa!" Maganar Ƙonni ba ta sake tashi ba. Da kaka ta yi, yaron nan har sussuka ya zo taya mu.

Sai kuma shekarar da ya ce tsufa ya zo, zai haƙa kabarinsa da kansa. Babana ya roƙe shi, Fasto Yakubu ya roƙe shi, ina!

"Na ga haƙar yaran yanzu. Ba za ku sa ni ramin da kaza za ta tone ba."

Ya zaɓi gefen gona ta hayinmu, wai kada a tambayi gawa takarda. Matsalar ita ce, Kaka ya iya fara aiki, bai iya dainawa ba. Kwana biyu kansa ya ɓace cikin ramin. Kwana biyar sai da igiya ake zura masa tuwo. Fasto ya leƙa ya ce, "Baba, ai ya isa haka! Ran tashin matattu yaya za ka fito?"

Murya ta taso daga can ƙasa: "Zan sassaƙa matakala!"

Ran kwana na tara da hantsi na ji ihu: "Amarya! Kawo guga! Kabarina ya kawo ruwa!"

Ruwa kuwa garai-garai, a shekarar da rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Kiristoci suka sha, Musulmi suka yi alwala, Fulani suka shayar da shanu. Shi kuma ya ƙara shekara goma sha uku a duniya yana yi wa masu ɗiba faɗan zubar da ruwa. Wani baƙo daga Gidan Katta ya taɓa sha a gidanmu, ya ce, "Kai, ruwan ina ne wanga mai daɗi?" Na ce, "Na kabarin kakana ne." Bawan Allah ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ba mai zuwa dubiya ya zauna hannu sake. Ƙwaryar gyaɗa ce a bakin gadon, ka gaishe shi ka ɗebi taka ka ɓare. Wai baki ke gaisuwa, hannu mi yake yi? Ranar ƙarshe, bayan azahar, muna kewaye da shi, Fasto ya gama addu'a ya sunkuya ya ce, "Baba, ka yi aiki tsawon ranka. Yanzu Ubangiji zai ba ka hutu na har abada."

Mutumin da ya kwana biyu bai buɗe ido ba, sai ga ido tar.

"Har mi?"

"Har abada, Baba."

"Ba ko 'yar shara? Ba ko ɗaurin dabba? Fasto, ka bincika da kyau!"

Muka fashe da dariya, hawaye na zuba. Shi ma ya ɗan murmusa. Sannan ya ce a hankali, "To, in Shi ya ce in zauna, zan zauna. Shi kaɗai ne ban taɓa yi wa gardama ba."

Ya saki ƙwayar gyaɗar da ke hannunsa, ya ɗora hannuwan a ƙirji. Tun da na yi wayo, ranar na fara ganin su ba komai a ciki.

Ya Ubangiji, ga bawanka nan ya zo maka a gajiye, ko da ba zai yarda ya faɗa ba. Ka karɓe shi, ka zaunar da shi kusa da kai. Mu kuma da ya bari, ka sa wa hannuwanmu albarka. A cikin sunan Yesu, amin.