Tsakar Gidan Inna, Bayan Shekara Shida

Shekara shida ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarmu. Da Sallar nan na je gida, ƙauyenmu a ƙasar Bukkuyum, na tsaya a tsakar gidanta na rasa inda zan zauna. Siminti ne shimfiɗe tun daga zaure har bakin rijiya, yana ƙona tafin ƙafa.

Shekarar da gubar dalma ta kashe mana yara, har da jikarta Hassi, ma'aikata sun zo sun kankare ƙasar gidajenmu suka zuba sabuwa. Lallenta da zogalenta duk suka tafi da tsohuwar ƙasar. Gida ya koma fili fetal. Damina na faɗuwa ta ce in ɗauke ta a babur zuwa Gummi, za ta sayi dashe.

Mun zaga masu sayar da dashen kaf. Kowa ya jera baƙaƙen ledoji, amma daga dogon yaro sai iccen turare sai wasu furanni da ba su da suna a bakinmu. Wani ya miƙo mata ɗaya yana yabon kyansa.

"Mi za ni yi da iccen da ko akuya ba ta ci?" in ji ta. "Ina tsamiya? Ina kanya da ɗinya?"

Ya yi dariya, ya ce waɗannan ai na daji ne, wa zai saye su? Sai wajen la'asar muka samu wani tsoho a bayan kasuwa da ya rena tsamiya da magarya a gwangwanaye. Inna ta rungumo su a cinya har gida. Ta kewaye kowanne da ƙaya, tana ba su ruwan alwalarta. Ba ta kai ga shan inuwarsu ba.

Bana Yaya Sani, babban wanmu, ya samu abin hannunsa a haƙar zinariya, zinariyar nan dai da ta jawo mana gubar. Ya sa aka sare itatuwan Inna duka don motarsa ta samu wurin juyawa. A madadinsu ya jera tukwane da furannin roba, ƙura ta riga ta dusashe su. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Haba Malam, ganye ne kawai suke zubarwa, suna ƙazanta gida."

Da tana nan, ba na jin za ta yi faɗa. Kallonsa kawai za ta yi, irin kallon da ke sa babban mutum ya sunkuyar da kai.

Na duba abin da ya rage nata a gidan, ban samu ba. Sai da na fito zan hau babur, jikokinta suka biyo ni, ƙaramarsu ta ja mini riga ta ce, "Baffa, in ka dawo ka zo muna da icce. Rana na cin mu."

Allah Ya jiƙan Inna. Ranar kasuwar Gummi mai zuwa zan je.