Ranar da Dagina Ya Narke a Bango

Wautar da na tafka a wani biki ba za ta bar kaina ba har a sa ni a kabari. Ni maƙerin gwangwani ne a Daura, mazurari da rariya da aci-balbal su ne karatuna. Bokon kuwa, aji biyu na yi malamin ya huta, ni ma na huta.

'Yata ta fari sana'ar ƙawata wurin biki take yi. Shekarun baya wata Hajiya daga Zango ta ba ta aikin kamun 'yarta, babban aikinta na farko ke nan, wanda zai ɗaga sunanta ko ya binne shi. Ta aro wata fitila mai kama da majigi. Ana zura mata ɗan faifan ƙarfe mai huda-huda, sai zanen ya fito ƙato a bango. Ta ce in yanka mata dagin arewa.

"Amma Baba, ƙarfe ɗaya za ka yanka, kada ka liƙa da dalma. Cikin fitilar zafi gare shi."

Na yi dariya. Yarinyar da na yi wa kiɗa da murfin tukunya ce za ta koya mini ƙarfe? Da tsakiyar dagin ta ƙi zama, na ɗiga mata dalma, na goge tas, na yi gum.

Ranar kamu bayan la'asar aka saki labule, ni kuma na laɓe a bakin ƙofa ina jiran yabo. Dagi ya fito a bayan amarya, mata suka rangaɗa guɗa, kaina ya kumbura. Ba a jima ba sai na ga kunnensa ɗaya ya sunkuya. Can tsakiyar ta zame, ya koma kamar kazar da mota ta taka.

Hajiya ta miƙe. "Ke, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

Ina ji 'yata ta ce, "Laifina ne, Hajiya, a yi haƙuri." Ko ƙofar ba ta kalla ba. Ni kuwa, jarumi, na sulale.

'Yata ta daɗe kafin wani ya sake kiranta aiki. A nan na gane furfura ba ta hana dalma narkewa.

Washegarin bikin ta kawo mini koko da ƙosai, ta durƙusa ta ajiye. Har ta kai zaure ta juyo.

"Baba, da wani oga ne daga Kano ya faɗa maka, da ka ji, ko?"