Sandar da Ban Auna Ba

Shekara goma sha tara na yi a shagon kayan wasanni a unguwar Rusaifa da ke birni mai tsarki, daga mai ɗauko kaya a sito har na zama mushrif, wato mai sa ido kan masu sayarwa. Da yawa na manta, amma wata Talata cikin Safar, bayan alhazai sun watse, ta ƙi barin raina.

Bayan la'asar Huda ta shigo. 'Yar Alhaji Usman ce, maƙwabcinmu a unguwar Tandabawi, a gabana aka raɗa mata suna. Ta zama malamar motsa jiki, ta kuma shiga wata ƙungiyar mata masu buga hokin fili, wasan da ake kora ƙwallo da sanda, a Jidda ranar Asabar, don nishaɗi kawai. Wata huɗu tana lallashin mahaifinta kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: ranar da ta ji ciwo, magana ta ƙare.

Ta ce, "Ya ammi, baffana, sandar wasan nake so. Kai za ka zaɓa mini, ban yarda da kowa ba."

Ku sababbin masu sayarwa, ga ƙa'idar. Sandunan yanzu ba itace ba ne, haɗin kabon ne da zaren gilashi. Mai koyo ana ba shi mai ƙarancin kabon, don mai yawansa tauri gare ta, tana girgiza hannu. Wannan na yi shi daidai. Sai tsawo. Mutum zai miƙe sanye da takalmin wasansa, a tsayar da sandar a gefensa, kanta ya zo daidai ƙashin ƙugu. In ta gaza, duƙawa za ta yi yawa, baya ne zai sha wuya.

To, mace cikin abaya, 'yar maƙwabci, ni da furfurata in ce ta nuna mini ƙugunta? Na sunkuyar da kai, na kintata da tsawon Hudar da na sani tana sakandare, na miƙa mata mai inci talatin da biyar.

Ta ce, "Ba a gwadawa?"

Na ce, "Halas, shi ke nan, ita ce daidai ke."

Da ta fita mudir, wato manajan shagon, ya tambaye ni ko na auna. Na ce na san ta tun tana goye.

Bayan mako shida na haɗu da Alhaji Usman a ƙofar masallaci. Ya ce Huda tana kwance, bayanta ya riƙe, ko ruku'u ba ta iyawa. Mai horar da su ta duba sandar, ta ce ta gaza da inci biyu da rabi.

Na ce, "Alhaji, wallahi laifina ne. Ban auna ba. A bar ta ta koma, ni zan kai mata wadda ta dace."

Ya dafa kafaɗata. "Ma'alesh, ba komai, Abu Salim. Ai mutuncinta ka kiyaye. Wasan ne ba nata ba."

Sau uku ina komawa gidansa. Huda ta warke, amma ba ta sake taka filin ba. In mun haɗu tana gaishe ni da ladabi kamar da, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu duk macen da ta zo, ku miƙa mata sandar, ku ce ta dafa ƙugunta da kanta, ku dubi inda hannunta ya tsaya. Ba sai kun taɓa kowa ba. A wannan sana'a abin da mai sayarwa ya kasa faɗa, jikin mai saye ne ke ɗauka. Ni na ji kunyar minti ɗaya, ita ta rasa wasanta.